Gurbin ba shi ne abin guɗa ba, ku fara yin lissafi

Tun jiya ake ta yaɗa takardar wani yaro da wata ƙaramar jami'ar kuɗi ta ba gurbi da maki 162, kowa na rubuta "Alhamdulillahi, an tsallake." An tsallake me, don Allah? Irin waɗannan jami'o'in ba nemansu ake yi ba, su ne ke neman ɗalibai ido rufe. A 2025 hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, JAMB, ta sa 150 cikin 400 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. In kana da shi, ga kiredit biyar har da Turanci da lissafi, kafin ka gama cike fom an kira ka a waya ana yi maka barka. Kujerunsu ne ba kowa a kai, malam, ba wata bajinta aka yi ba.

Samun gurbi ba wuya. Zama a cikinsa shekara huɗu ne aikin.

Kuɗin karɓar gurbi daban, kuɗin makaranta daban, ɗakin kwana, abinci, asibiti, sannan wani abu wai kuɗin raya makaranta. TETFund, hukumar gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu da kuɗi, ba ta sa musu ko kwabo, lamunin karatu na NELFUND kuma na ɗaliban makarantun gwamnati ne kawai. To albashin malamai da man janareta daga aljihun wa za su fito? Naka. Kuma da yake ɗaliban kaɗan ne, kason kowa nauyi gare shi. Abin da ka biya a aji ɗaya kada ka yi tsammanin shi za ka biya a aji uku.

Na san uban da ya sayar da filinsa ya biya shekarar farko cikin murna. Zango na biyu na aji biyu, yaron yana tsaye a bakin ɗakin jarrabawa da biro a hannu, ba katin shiga, saboda ragowar kuɗi. Cikin masu barkar nan ba wanda ya tura ko naira dubu.

Za a ce ai ƙungiyar malaman jami'o'in gwamnati, ASUU, ta yi yajin aikin wata takwas a 2022. Na sani, ba a wata duniyar nake ba. Amma wanda yajin aiki ya zaunar a gida yana komawa aji, wanda bashi ya kora fa? Za a ce arziki na Allah ne. Haka ne, sai dai Allah bai hana lissafi ba.

Wallahi ba ƙin jami'o'i masu zaman kansu nake yi ba, akwai masu koyarwa tsakani da Allah. Roƙona ga iyaye shi ne ku nemi kuɗin shekara huɗu a rubuce kafin ku biya sisi. Ku tabbatar hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta tantance kwas ɗin kansa, ba makarantar kaɗai ba. In likitanci ne ko lauya, ku tambayi yawan guraben da aka ware musu. Sannan gurbin ya fito a shafin JAMB, in ba haka ba ranar bautar ƙasa ake kuka.

Af, dillalan nan masu shigo mana akwatin saƙo da tallar digirin Kwatano, har yanzu ba ku gaji ba? A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Wanda ya sake turo mini, toshe shi zan yi.