Ba asarar kofi ce ta kori Juan Soto daga Yankees ba

Daren 30 ga Oktoban 2024, a wasa na biyar na World Series, wasan ƙarshe na gasar baseball ta Amurka, Yankees na gaban Dodgers da ci 5 da nema a filinsu na New York. Sai zagaye na biyar ya zo, 'yan wasan Yankees suka yi ta kuskure: ƙwallo ta suɓuce wa Aaron Judge, Anthony Volpe ya yi jifan da bai kai ba, Gerrit Cole kuma ya tsaya bai rufe gurbin farko, wato tashar farko da mai bugu ke gudu zuwa, ba. Aka tashi 7 da 6, kofin World Series na wasan baseball ya tafi Los Angeles, gidan Dodgers. Kafin ƙarshen shekara, Juan Soto, ɗan wasan Yankees, ya koma Mets, maƙwabtansu a gari ɗaya, kan dala miliyan 765 na shekara 15.

Magoya baya da yawa sun ce baƙin cikin wannan dare ne ya sa ya tattara komatsansa, wasu har suka kira shi butulu. Ni ban yarda ba.

A duba inda ya je. Mets ma Dodgers ɗin ce ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, a watan nan dai na Oktoba. Wanda ke gudun kaye ba zai fake a gidan da aka kayar kafin nasa ba. Kuma Soto ba ya cikin masu yunwar kofi, don ya ɗaga shi tun 2019 da Washington Nationals yana ɗan shekara 21.

Abin da mutane ke mantawa shi ne tsarin gasar. Sai ɗan wasa ya yi shekara shida a babbar gasa kafin ya samu 'yancin zaɓar kulob da kansa. Kafin nan, kaya ne a kasuwa: Nationals suka tura shi San Diego a 2022, San Diego ta tura shi Yankees a ƙarshen 2023, ba wanda ya nemi yardarsa. Tun a 2022 ya ƙi tayin dala miliyan 440 daga Nationals, ya zaɓi jiran ranar da zai yi wa kansa ciniki. Mutumin da ya yi wannan haƙuri, ta yaya wasa biyar na World Series za su sauya masa lissafi? Yankees sun yi tayin miliyan 760 na shekara 16, Steve Cohen mai Mets ya ɗara su, wakilin Soto Scott Boras kuma aikinsa ke nan.

Na san zafin abin. Soto ne ya doka ƙwallon da ta tsallake katanga a Cleveland, ta kai Yankees wasan ƙarshe karon farko tun 2009, don haka rabuwar ta yi ciwo. Amma in akwai wanda kayen ya girgiza, shugabannin Yankees ne, da suka ga giɓin da ke tsaron filinsu, suka juya kuɗin zuwa ɗaukar wasu 'yan wasa, Max Fried da Cody Bellinger. Mets kuwa, da Soto a cikinsu, ko zagayen fitar da gwani ba su kai ba a 2025.