Da Alli Za Mu Koya Wa Yara Girki?

Ranar Alhamis da ta wuce, ana kiran sallar la'asar, ina tsaye a tsakiyar kasuwar Kejetiya da ke birnin Kumasi a Gana, da takarda a hannuna, hawaye na neman ƙwace min a gaban mai sayar da fulawa. Abin da ke cikin takardar: fulawa, bota, sukari, madara, ƙwai, kaza guda, shinkafa, mai, kayan miya, da farin ƙyallen shimfiɗa a tebur wanda aka ce lallai ya zama sabo. Laraba da yamma aka miƙa mana ita, Juma'a da safe jarrabawar girki a kwalejinmu ta horar da malamai. Kwana ɗaya tal aka ba mu. Kuɗin da ke ɗaure a bakin mayafina ko rabin kayan ba su saya ba, ga kuɗin torotoro, wato motar haya, na komawa makaranta ban ma cire ba.

Ba ni da inda zan dosa sai gida. Na isa unguwarmu ta Aboabo na tarar da Mma tana tsince waken gobe a faifai, ta baje karan dafi a gefe. Shekara fiye da ashirin ke nan tana sayar da wake da shinkafa a bakin titi, abin da duk Gana ke kira waakye, kuma da shi ta raine mu. Ban ce komai ba, takardar kawai na ajiye a cinyarta. Ba ta karatun boko, amma ta san irin wannan takarda tun daga nesa.

"Sun sake?" ta ce.

"Sun sake, Mma."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwanin da take zuba ciniki, ta juye a tabarma. Muka zauna muna lissafa sidi ɗaya-ɗaya, biyu-biyu, masu maiƙon shito a jikinsu. Da muka gama ta ware kuɗin waken jibi ta haɗa min, ta ce za ta karɓi bashi wurin mai awo. Na ce mata ta bari. Ta ce, "Ke dai je ki yi abin da ya kai ki. Ba a fasa tafiya don an ga hadari." Na fito daga gidan nan ƙirjina kamar an ɗora dutse. Tsohuwar da ke tashi kafin asuba ta hura wuta, ita ce ke saya wa kwaleji kayan koyarwa. Wannan wane irin tsari ne, don Allah?

Ina shekarar ƙarshe a ɗaya daga cikin kwalejojin horar da malamai, ina karanta ilimin tattalin gida, wanda ɗalibai ke kira Hom Ikons. Fanni ne mai rassa uku: abinci da gina jiki, tufafi da ɗinki, sai tafiyar da gida da iyali. A 2018 aka ɗaga kwalejojin ilimi na gwamnati, su 46, daga difloma ta shekara uku zuwa digiri na shekara huɗu, aka jingina kowacce da wata babbar jami'a. Mun yi murna, iyayenmu sun yi murna. Takardar shaida ta ƙara daraja, shekaru sun ƙaru, darussa sun ƙaru. Amma a ɗakin girkinmu ban ga abin da ya ƙaru ba ko cokali. Wanda ke karanta lissafi ko Turanci, littafi da biro sun ishe shi. Mu kuwa kowane mako sai mun sayi darasinmu a kasuwa, mu dafa shi, a ɗanɗana, a ba mu maki, mu wanke tukwane mu koma ɗaki aljihu wayam.

Bari in faɗa muku yadda Juma'ar ta kasance. Tun shida na safe muka shiga, fararen riguna, an rufe kai, an yanke farce. An raba mu rukuni-rukuni saboda murhun da ke aiki bai kai yatsun hannu ɗaya ba. Na tankaɗe fulawa, na buga bota da sukari da muciya har hannuna ya sage, don injin bugawa ya daɗe da mutuwa. Na zuba kwaɓin a gwangwani na saka a obin. Minti goma sha biyar ba su cika ba wuta ta yi shuɗi-shuɗi ta mutu. Gas ya ƙare. Duk wanda ya taɓa gasa kek ya san abin da ke faruwa idan zafi ya yanke kafin cikinsa ya kama: ya ɗago, sai ya zauna, tsakiya ta lotsa kamar an taka. Muka ruga neman gawayi, muka zuba yashi a babbar tukunya muka ɗora a kurfoti, irin gashin da iyayenmu ke yi da salla. Ya gasu dai, amma ƙasa ta ƙone, ciki ya cushe. Da aka zo duba aiki, aka yanka, aka latsa da yatsa, aka rage min maki saboda bai tashi ba. Na ce gas ne ya ƙare. Aka ce malamar kirki tana shirya wa kowane hali. To da me zan shirya? In ɗauko tukunyar gas a ka tun daga Aboabo? An bar jaki ana dukan taiki, kuma kuɗin waken Mma ne suka ƙone a gindin gwangwanin nan.

Ɗakin ɗinki ma haka yake. Kekunan suna jere a bango gwanin sha'awa, amma akasarinsu babu bel, babu ƙoshiya, wasu kan ya cije da tsatsa. Waɗanda ke juyawa layi ake bi, har da rubuta suna. Ni sai in kwashi aikina in kai shagon wani tela a Asawase, in jira ya tashi cin abinci ko salla in hau kekensa. Allah Ya saka masa, bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Yadi, akoko na gwaji, zare, zif, maɓalli, takardar yanka fasali, duk daga aljihunmu. Idan ka ɓata hannun riga sau ɗaya, sabon yadi za ka sayo.

Za a ce ai ana ba mu alawus. Gaskiya ne, an taɓa soke shi, aka dawo da shi a 2017 a kan sidi 400 a wata. Ku tambayi kowace mace mai zuwa kasuwa abin da sidi 400 ke saye a 2017 da abin da suke saye yau. A Disambar 2022, daidai lokacin da nake haɗa akwatin shiga kwaleji, hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 54 cikin ɗari. Sannan ko wannan ɗan abin ba ya zuwa a kan kari. Wata ya bi wata kana duba waya ko saƙo ya shigo, shiru. Ranar da zai shigo kuwa masu bashi sun riga sun raba shi. Jarrabawar girki ba ta jira, malamin da ya ba da takarda ba ya jira. A 2024 malaman kwalejoji suka tafi yajin aiki na kusan wata biyu, ban ga laifinsu ba, haƙƙinsu suke nema. Amma da aka dawo sai aka cusa mana aikin hannu na zango guda cikin 'yan makonni, sayayya a kan sayayya. A wannan lokacin ne wata ƙawata 'yar Sabon Zango ta tattara ta koma gida. Ta fi ni hannu a ɗinki nesa ba kusa ba. Ba faɗuwa ta yi ba, kuɗin yadi ne suka kore ta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da na gani a koyarwar gwaji. An tura ni wata ƙaramar sakandare a bayan gari. A can yanzu an haɗa girki da ɗinki da aikin katako da sauran sana'o'in hannu a darasi guda. Na shiga aji da shirin koyar da sassan keken ɗinki. Na tambayi malamar da ke kula da ni inda keken yake. Ta miƙo min alli. Wallahi da alli na zana keken ɗinki a allo, na ja kibiya na rubuta nan ake saka allura, nan zare ke bi, nan ƙafa ke takawa. Yara suka kwafe tsaf, har da masu yi wa zanen ado. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, yaushe za mu taɓa na gaske?" Na rasa bakin amsa. Mako na gaba darasin dafa abincin yaye ne. Makarantar ba ta da murhu, ba ta da tukunya, famfo ma ba ta da shi. Na ɗauko kurfotin Mma da tukunyarta da ludayi a torotoro, na sayi gawayi da garin masara da gyaɗa da wake da kuɗina, muka kafa a gindin mangwaro. Ranar nan ko yaro ɗaya bai yi gyangyaɗi ba. Maza ma har da rige-rigen riƙe muciya. Da aka tashi, yara uku suka biyo ni suna tambayar awon kowane gari, wai za su gwada wa ƙannensu. Yara na so. Kayan ne babu, kuma babu wanda abin ya dama.

Na san dalilin wannan sakaci. Raini ne. A wannan ƙasa an ɗauka Hom Ikons matattarar waɗanda makinsu bai kai su kimiyya ba ne. Har cikin gidanmu. Ranar suna kawuna ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Ke 'yar nan, shekara huɗu don ki koyi tuƙa tuwo? Ai da kin zauna gindin murhun uwarki da kin gama tuni." Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai don shi babba ne, na ce, "Kawu, ba tuwo kaɗai ba ne." Amma a nan zan faɗi abin da ban iya faɗa masa ba.

Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2022 ya nuna kusan rabin yaran Gana 'yan ƙasa da shekara biyar suna fama da ƙarancin jini, mata masu shekarun haihuwa kuma kusan huɗu cikin kowane goma. Kusan yaro ɗaya cikin biyar ya tsumbure bai kai tsawon shekarunsa ba. Wannan ba a asibiti yake farawa ba, a kwano yake farawa. Ku zaga Zango da safe ku ga jarirai nawa ake ɗura wa tsinkakken koko da sukari kawai, ciki ya cika da ruwa, jiki bai samu komai ba. A aji na koyi cewa idan aka haɗa hatsi da wake ko gyaɗa, abin da wannan ya rasa na gina jiki wancan yana cike shi, shi ya sa garin yaye na masara da wake da gyaɗa ya fi koko zalla, shi ya sa ma waakyen Mma abinci ne cikakke. A aji na koyi cewa shan shayi a kan abinci yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, lemo kuwa yana taimaka masa. Na koyi cewa gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. Na koyi cewa yawan kanwa yana nunar da wake da wuri amma yana kashe bitamin ɗin da ke cikinsa. Na faɗa wa Mma, ta yi gardama kwana biyu, daga baya ta koma jiƙa wake tun dare ta rage kanwa, har gawayinta ya ragu. Wannan ne ilimin da ake yi wa dariya. Malamar da za ta kai shi ga yara ɗari-ɗari a kowace shekara, ita ce aka bari tana bara kafin ta yi jarrabawa.

Kuma ko an gama ba a huta ba. Ga lasisin koyarwa da aka fara yi wa jarrabawa a 2018, ga bautar ƙasa ta shekara guda, ga zaman jiran a ɗauke ka aiki. Yayyenmu da suka riga mu fita, wasu na gida suna soya pinkaso da masa suna sayarwa, da digirinsu a ƙarƙashin katifa. Sana'a ba abin kunya ba ce, a cikinta na tashi. Amma ba don wannan aka ci bashi ba.

Ba gata muke roƙo ba. Idan an san fannin nan da hannu ake koyonsa, a ware masa kuɗin kayan aiki kamar yadda ake saya wa ɗakin gwajin kimiyya sinadarai. A cika gas kafin ranar jarrabawa, ba ranar ba. A kira makanikin keke ɗaya daga cikin gari, cikin mako guda zai tayar da rabin waɗancan da ke jingine a bango. A ba da takardar sayayya tun farkon zango don mutum ya shiga adashi ya shirya. A daina auna ƙwazon ɗaliba da tsadar kazar da ta iya saya. Wadda ta haɗa tuwon zafi da miyar ayoyo da daddawa ta bayyana abin da ke cikinsu na gina jiki, ta cancanci maki kamar mai kek ɗin biki. Kuma duk makarantar da aka ce ta koyar da girki da ɗinki, a ajiye mata ko murhu biyu da keke biyu, kada a sake miƙa wa malama alli.

Jiya da yamma an sake ba mu wata takardar. Aikin ƙarshe na ɗinki: yadi shida, shafi, zif, zare kala uku, a kawo ranar Litinin. Tana nan ninke a jakata. Mai awo bai gama karɓar bashin wancan makon ba, ni kuma har yanzu ban san da wane ido zan kalli Mma in ajiye mata ita a cinya ba.