Ko ƙaramar motar ma ta fi ƙarfinmu

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, tsohuwar Honda ɗina mai silinda shida ta zama kishiyar iyalina. Lita ɗaya da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura dubu. Daga Mabera zuwa wurin aiki da kai yara makaranta, rabin albashi ya tafi gidan mai. Na gaji, na ce bari in rabu da ita in nemi 'yar ƙarama, Yaris ko Picanto, wadda girman injinta bai wuce lita 1.3 ba.

Jiya Asabar na shiga wani wurin sayar da motoci a nan cikin Sakkwato, rana kamar ta fasa kai. Na yi sallama. Dillalin yana kishingiɗe a kan benci, waya a kunne. Takalmina ya fara kallo kafin fuskata.

"Malam, mi kaka biɗa?"

Na ce, "Alhaji, waccan Yaris ɗin nawa?"

Sai da ya gama sakace haƙori tukuna. "Miliyan bakwai. Beljiyam ta, ba a taɓa."

Motar da ta girmi babban ɗana! Na haɗiye, na nuna masa tawa a bakin titi, ko za a yi musaya in cika. Ya ɗaga kai ya leƙa, ko tashi bai yi ba, ya kwashe da dariya har yana kiran yaronsa ya zo ya gani.

"Wagga ai rijiya ta, Malam. Wa za ya saye ta yanzu? Ka tai ka biɗi babur. In ka taso aiki sai ka taɓa kabu-kabu."

Ni da furfurata. Shekara ashirin ina riƙe da alli, ƙila ma har 'ya'yansa na koyar, yau ga shawarar da ta dace da ni. Madalla, Alhaji, Allah ya ƙara basira.

Amma da na huce sai na ga shi ma samun wuri ya yi. Kowa ƙaramar mota yake nema, babbar kuwa ta zama kayan gwangwan. Wa ya kawo mu nan? Tun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ga Illela nan kusa da mu, amma sai mota ta zagaya ta tashar ruwan Legas, kuɗin kwastan yana bin dala, kuɗin tirela yana bin dizal, duk a kan mai saye. Masu mulki sun ce mu yi haƙuri, mu ɗaure ciki, mu koma gas. Masu faɗin haka kuwa ayarin manyan jif suke wucewa da shi, jiniya na kore mu gefen titi, kuma ba daga aljihunsu ake cika tankin ba.

Na dawo na ajiye rijiyata ƙarƙashin dogonyaro. Gobe da safe kabu-kabun zan hau, a baya.