Tsarkin da ba ya zuwa kasuwa

A yawancin majami'unmu akwai wani benci can baya, kusa da ƙofa, wanda kowa ya san na masu horo ne. Nan ake zaunar da wanda dattawan ikilisiya suka samu da laifi, a hana shi Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu, wata uku ko shida, har sai an ga alamar tuba. Tun ina yaro nake kallon bencin nan, kuma ko ido rufe zan iya faɗin waɗanda ke zama a kai: yarinyar da ta yi ciki ba aure, magidancin da ya ƙaro mata ta biyu, sai wanda aka kwaso daga gidan burukutu. A duk shekarun da na yi ina zuwa sujada, ban taɓa jin an tashi an sanar cewa an sa wane ƙarƙashin horo don ya tauye mudu, ko ya danne kuɗin leburan da suka yi masa noma, ko ya ci bashi ya ƙi biya alhali yana da halin biya ba.

Kada a ɗauka ina neman a ɗauke bencin ne. Duk wanda ya ga yadda giya ke cinye amfanin gonar shekara guda kafin Kirsimeti, ko yadda zina ke wargaza gida, ba zai ce dattawa sun yi laifi da suka tsawata ba. Damuwata ita ce mun rage wa tsarki tsawo da faɗi har ya koma 'yan abubuwa uku ko huɗu da ido ke gani, sauran rayuwa kuwa, daga Litinin zuwa Asabar, mun bar wa kowa ya yi yadda ya ga dama.

Wataƙila har da kalmar kanta a cikin abin da ya jawo haka. A bakin Bahaushe, in an ce mutum ya yi tsarki, abin da ke fara zuwa rai shi ne ya ɗauki buta ya wanke jikinsa. Da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da Wusasa ya ba da ƙarfinsa a ciki, wannan kalma ce ta ɗauki nauyin wata kalmar Ibrananci wadda asalin ma'anarta keɓewa ne, wato a ware abu a ce wannan na Allah ne. Fassarar ba ta yi kuskure ba. Kunnenmu ne ya fi saurin jin wankan da keɓewar. Mutumin da aka keɓe kuwa, da hannunsa da aljihunsa da harshensa aka keɓe shi.

Duk mai shakka ya buɗe Littafin Firistoci sura 19. A aya ta 2 ne Allah ya ce wa Isra'ilawa su zama tsarkaka domin shi mai tsarki ne, kuma ita ce maganar da manzo Bitrus ya maimaita wa masu bi a wasiƙarsa ta fari. Masu wa'azi na son ayar ƙwarai, sai dai da yawa a nan suke rufe littafin. Da za a ci gaba da karatu, da an ga yadda Allah da kansa ya warware abin da yake nufi. In ka yi girbi, kada ka share gonar tas, ka bar kala domin matalauci da baƙo. Kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka har gari ya waye. Kada ka zagi kurma don ka san ba zai ji ba, kada ka sa wa makaho abin tuntuɓe. A wurin shari'a kada ka goyi bayan talaka don talaucinsa, kada kuma ka ji nauyin babba don girmansa. Kada ka yi yawon tsegumi cikin jama'a. Ka miƙe wa mai furfura. Can wajen aya ta 35 da 36 sai ga zancen awo ƙiri-ƙiri: ma'auninka ya zama na gaskiya, mudunka ya zama na gaskiya. Har umarnin nan na ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, wanda wasu ke zaton daga Sabon Alkawari ya fara, a aya ta 18 ta surar nan yake. Akwai gargaɗi kan gumaka da fasikanci a ciki, ba shakka, amma ba a rubuta su da manyan baƙaƙe an rubuta zancen mudu da ƙanana ba.

To, mu shiga kasuwa ranar da take ci. Mun san mudun saye daban, mudun sayarwa daban. Mun san wanda aka buga wa gindi ya lotsa ciki. Mun san kwandon tumatir ko buhun dankali da aka jera manya a baki, ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa, da masarar da aka bar ta da danshi don ta yi nauyi. Masu wannan aiki ba daga wata duniya suka zo ba. Cikinsu akwai mai ɗaurin ɗankwalin Zumuntar Mata, akwai mai bugun ganga a ƙungiyar mawaƙa. Annabi Amos ya san irinsu tun ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. A sura ta 8 ya kwatanta 'yan kasuwar da ke ƙosawa Asabaci ya wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ƙara farashi, su haɗa har da ƙaiƙayi su sayar. Lura, ba su karya Asabaci ba, suna kiyaye shi sarai. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da sura guda a Alƙur'ani da ta buɗe da azabar masu tauye mudu, don haka wanda yake awo a rumfar da ke kusa da taka ya san abin da kake yi, ya kuma san inda kake zuwa ranar Lahadi. Babu taron bishara da zai goge abin da ya gani.

Za a ce mini zamani ya yi tsanani, kuma gaskiya ne. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mutane sun sayi kuɗinsu da kuɗi a hannun masu POS. Watanni kaɗan bayan haka, ranar 29 ga Mayu, aka sanar da cire tallafin mai, farashin komai ya tashi. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, in ma jiharsa na biya, ya san kwana nawa kuɗin ke kaiwa. Ban raina wannan uzuri ba, don nima a kasuwar nake cefane. Amma ai jaraba ba ta zuwa wa ƙosasshe da tuwo. Iblis bai ce wa Yesu ya mai da duwatsu gurasa a gidan bikin Kana ba, sai da ya bari ya yi kwana 40 ba ci a jeji. In gaskiyar mutum ba ta aiki sai ranar da aljihu ke cike, to ba a taɓa gwada ta ba tukuna.

Akwai kuma wani uzurin da ya fi wannan farin jini, wato "aikin Shaiɗan ne". Shaiɗan na nan, yana kuma aikinsa, amma mun ɗora masa kaya fiye da nasa. Yakubu a sura ta 1 ta wasiƙarsa bai ko ambace shi ba da yake bayyana yadda ake faɗuwa. Cewa ya yi sha'awar mutum ce ke jansa, ta ɗauki ciki, ta haifi zunubi, zunubin ya girma ya haifi mutuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun fi son dare guda na addu'ar ɗaure aljanu da zama minti goma mu tambayi kanmu wace sha'awa ce muke ba wa abinci.

Me ya sa ikilisiya ta fi kama laifin da ke fitowa fili? Don shi ne mai sauƙin kamawa, masu yinsa kuma galibi ba su da ƙarfi. Ciki ba ya ɓuya, shi ya sa yarinya ke zama a bencin baya, wanda ya yi mata shi kuwa wani lokaci yana gaba da makirufo a hannu. Haka aka yi a Bisharar Yahaya sura 8, an kama mace tana cikin yin zina, aka kawo ta gaban Yesu ita kaɗai, ba namijin. Shi kuwa mai riƙe albashin malaman makarantarsa wata uku, ko jami'in da ke karɓar na goro kafin ya sa hannu a takarda, ranar gidauniyar gini shi ake kira babban baƙo, a ba shi kujera mai laushi, a tafa masa. Ba mai tambayar daga ina. Yakubu ya yi magana a kan wannan kujerar a sura ta 2, Yesu kuma ya yi wa Farisiyawa kaito don suna fitar da ushirin na'ana'a amma sun watsar da gaskiya da jinƙai da aminci.

Na san wani ɗan'uwa zai ɗaga yatsa ya ce, "Malam, ai ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba." Haka ne, Afisawa 2:8 da 9 ke nan, ba na ja. Sai dai aya ta 10 tana manne da su, ita ce ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Da mutane suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi don tubarsu ta nuna, bai ƙara musu kwanakin azumi ba. Masu karɓar haraji ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka yanka. Sojoji ya ce ban da ƙwace, ban da ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Zakka, mai karɓar harajin nan na Yariko da Yesu ya sauka a wurinsa kuwa, alheri ne ya fara shiga gidansa, daga baya ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Mu yanzu tuba ta koma ɗaga hannu da hawaye a gaban bagade, mayar da abin mutane kuwa ya fita daga wa'azi.

Game da yadda ake tsayayya, abin da na lura shi ne ba a cika cin nasara a tsakiyar jaraba ba, tun kafin ta iso ake yanke magana. Yusufu bai tsaya yi wa matar Fotifar dogon bayani a ranar ƙarshe ba, rigarsa ya bari a hannunta ya fita da gudu, kuma kafin ranar ya riga ya ƙi ko zama kusa da ita. Dawuda kuwa tun kafin ya hau soro ya hango Batsheba, matar wani sojansa, ya fara zamewa, ranar da sarakuna suka fita yaƙi shi ya zauna a Urushalima. Soron zamaninmu yana cikin aljihu. A waya ake cacar ƙwallo da kuɗin makarantar yara, a nan ake hirar tsakar dare da matar wani, a nan ake tura labarin da ba a tabbatar ba zuwa zauren WhatsApp na majami'a da sunan "mu sa shi a addu'a". Wanda ya san rauninsa ya goge manhajar tun da rana tsaka. 'Yar kasuwa ta rabu da mudu na biyun tun a gida, don in yana cikin buhu, hannu zai kai gare shi.

Bulus ya ce wa Korintiyawa Allah ba zai bari a gwada mutum fiye da ƙarfinsa ba, tare da gwajin zai buɗe mafita. Sau da yawa mafitar nan mutane ne. Gwauruwar da ke da yara biyar, in Zumuntar Mata ta sa ta a adashe ta ba ta ɗaukar farko, an rufe mata ƙofofin jaraba da yawa waɗanda wa'azi kaɗai ba zai rufe ba. Ikilisiyar da ke da kuɗin tayil amma ba ta da asusun rance ga membobinta, ita ma tana da tambayar da za ta amsa kafin ta nuna wa kowa bencin baya.

Laifi tudu ne, don haka bari in sauko daga kan nawa. Daminar da ta wuce wasu samari uku suka yi mini noma na biyu a gonar masara. Suka gama da yamma, na ce su dawo jibi, alhali kuɗin na cikin asusuna, ina dai so in fara sayen taki kafin ya ƙara tsada. Jibi ta zama mako guda. Ranar Lahadin da ke tsakani ni na karanta nassi a gaban jama'a, na kuma ci Jibin Ubangiji ba tare da ko ɗar ba. Sai da ƙaramin cikinsu ya zo ƙofar gidana karo na uku, ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ko rabi ne, mamanmu ce ba lafiya," sannan na shiga ɗaki na kawo. Na biya su cif, na ba su haƙuri. Ninki huɗu irin na Zakka kuwa ban yi ba, kuma har yau ba wani dattijo da ya kira ni a kan maganar.