Wa Ya San Sunan Wanda Ke Bencin Baya?

Salama a gare ku 'yan'uwana matasa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ni ne farkon wanda ta shafa. Kowace Lahadi in an zo sanarwa, sakatare yakan ce baƙi su miƙe tsaye. Su miƙe, a tafa musu, a rera waƙar maraba. Ana tashi daga sujada kuwa sai kowa ya nemi nasa. 'Yan gari ɗaya su taru a gindin dalbejiya su juya harshe zuwa yarensu, mawaƙa su koma gwajin waƙa, shi kuma baƙon ya tsaya a bakin ƙofa yana latsa waya, alhali ba wanda zai kira.

Bara wani saurayi mai gyaran babur ya karɓi Yesu a taron farkawa da muka yi. Lahadi uku a jere ina ganinsa a bencin baya. Ran da fasto ya ce a buɗe littafin Habakuk, na hango shi yana juya shafuka tun daga Farawa, har aka gama karatu bai kai wurin ba. Ya rufe littafin a hankali, ya sunkuyar da kai. Na ce a raina in an tashi zan je wurinsa. Aka tashi, aka kira mu taron kwamiti. Lahadi ta huɗu babu shi. Sai bayan wata biyu na je garejinsa, ya gaya mini ba fushi ya yi ba, kawai ya ga ko ya zo ko bai zo ba, ba wanda ya san sunansa.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 9. Shawulu ya gamu da Ubangiji a hanyar Dimashƙu, ya kwana uku ba ya gani, ba ci ba sha. Ubangijin da ya yi magana da shi daga sama bai rasa ikon buɗe masa ido ba, amma mutum ya aika, wani almajiri mai suna Hananiya. Hananiya yana jin tsoro, ya san abin da mutumin nan ya yi wa masu bi, duk da haka ya shiga gidan, ya ɗora masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa. Da Shawulu ya isa Urushalima almajirai suka yi ta ɗari-ɗari da shi, sai Barnaba ya kai shi gaban manzanni ya tsaya masa. Bai tsaya nan ba. A sura 11 ya taka har Tarsus nemansa, ya kawo shi Antakiya, suka shekara guda cur suna koyarwa tare. A garin nan aka fara kiran almajirai Kirista. Wasiƙun Bulus, wato shi Shawulun nan, da muke haddacewa a makarantar Lahadi, akwai sawun ƙafar Barnaba a bayansu.

Umarnin da ke ƙarshen Matiyu bai tsaya ga baftisma ba, har da koya musu su kiyaye duk abin da Yesu ya umarta. Ƙirga hannuwan da aka ɗaga a taro aikin minti biyar ne, koyarwa kuwa zama take so, da haƙuri, da kuɗin mota. Kakanninmu da suka samu cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 harsunansu daban-daban ne, Hausar nan ce ta zaunar da su a benci ɗaya. Yaya mu jikokinsu za mu mai da yare katanga a harabar coci?

Ina roƙonku kuma ku ji tsoron Allah game da asirin sabon mai bi. Wani a gidansu ba a san ya fara zuwa ba, mu kuwa don murna mu ɗauki hotonsa mu sa a Facebook, mu jawo masa abin da ba mu za mu kwana da shi ba. Ku bar shi ya ba da shaidarsa ranar da ya shirya. In ya yi kuskure a addu'a, ko ya shigo da warin sigari a rigarsa, kada a yi ta zunɗensa. Afolos ma da ya yi wa'azi a Afisa da ilimin da bai cika ba, gefe Bilkisu da Akila suka ja shi suka ƙara masa bayani.

Shi wannan ɗan'uwa mai gyaran babur, yanzu kowace Talata da yamma in ya rufe gareji muna zama a kan bencinsa mai baƙin mai, muna karanta Markus. Mun kai sura 4. Makon jiya ya tambaye ni ko irin da ya faɗa kan duwatsu a misalin mai shuka shi ake nufi. Na ce masa a'a, mu ne ba mu ba shi ƙasa ba. Har yanzu bai dawo sujada ba, amma ya ce in zo in ɗauke shi ranar Lahadi da ƙarfe takwas.