Nasiha Ga Mai Sayen Abinci Kan Ƙwayoyin Cutar Da Suka Daina Jin Magani

'Yan'uwana matasa, da yawa daga cikinmu mun bar wa likitoci matsalar ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, alhali duk mai sayen nama da ƙwai da madara yana da hannu a cikinta, ko ya sani ko bai sani ba. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutane miliyan 1.27 ne a faɗin duniya suka rasu kai tsaye sanadiyyar ƙwayoyin bakteriya da magani ya gaza kashewa.

Mafi yawan magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake sayarwa a duniya dabbobin kiwo ake bai wa, kuma sau da dama dabbar lafiyarta ƙalau, ana zuba mata maganin ne a abinci ko a ruwan sha domin ta yi saurin girma, ko domin a rufe aibin cunkoso da ƙazantar wurin kiwo. Idan ƙwayoyin cuta suka daɗe suna haɗuwa da magani kaɗan-kaɗan, masu rauni suna mutuwa, masu juriya su hayayyafa, daga nan su iso gare mu ta ɗanyen nama, ta ruwa, ko ta ganyen da aka shuka da takin dabbobin. A 2015 masana a ƙasar Sin suka gano ƙwayoyin da suka bijire wa kolistin a jikin aladu da ɗanyen nama da marasa lafiya, shi kuwa kolistin magani ne da likita ke komawa gare shi bayan sauran sun gaza. Wannan abu ya isa ya tayar wa kowa hankali.

Tarayyar Turai ta haramta bai wa dabbobi waɗannan magunguna domin ƙiba tun 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi kira a 2017 da a daina bai wa lafiyayyun dabbobi. Sai dai makiyayi da ɗan kasuwa sun fi jin muryar mai saye, domin kuɗinsa suke nema. Saboda haka ku riƙa tambaya ba tare da jin kunya ba: daga ina wannan nama ya fito, kuma an jira wa'adin da maganin ke fita daga jikin dabbar kafin a yanka ta ko a tatsi nononta? Tambayar tana da muhimmanci, domin dafuwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba lallai ne ta lalata ragowar magani ba. A ganina, wanda ba ya duba komai sai araha yana ƙarfafa mugun kiwo da aljihunsa.

A ɗakin girki kuwa babu wanda zai yi muku aikin. Ku wanke hannu da sabulu bayan taɓa ɗanyen nama, ku ware masa wuƙarsa da katakon yankansa, ku dafa shi har zafin ya ratsa cikinsa, kada kuma ku sha madarar da ba a tafasa ba. Duk ciwon cikin da kuka kauce wa ta wannan hanya, kun rage buƙatar shan magani ke nan. Idan kuma gudawa ta kama ku bayan cin abinci, kada ku garzaya sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta da kanku, domin yawancinta ruwan gishiri da sukari take buƙata, ma'aikacin lafiya ne kuma zai tantance wadda ta wuce haka.