Kuɗin da Aka Rabe Tun Ba Su Iso Ba

Ni dai abin da na gaya wa Inna shi ne zan nemi bashin karatu na gwamnatin tarayya, wanda ake kira NELFUND, tunda an buɗe shafinsu a watan Mayun 2024. Kafin la'asar labari ya zaga Tudun Wada cewa Tinubu zai aiko min da kuɗi.

Baba ne ya fara tsare ni a zaure. "Kai, akwai ruwa a ciki?" Na ce babu kuɗin ruwa ko kwabo, kuma ba a fara biya sai shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ya ja carbi ya ce, "To Allah ya ba ka aiki, su ma su huta."

Na tafi wani shagon kwamfuta a Samaru da lambar JAMB, da NIN, da BVN, da lambar makaranta. A nan na gano ashe mu uku ne. A takardar jarrabawa ni Muhammad ne, a katin ɗan ƙasa Mohammed, a banki kuwa Muhammed, kuma wannan na bankin ya girme mu da shekara guda, don Kawu ne ya raka ni buɗe asusun, shi ya ba da ranar haihuwar daga kansa. Yaron shagon ya dubi allo, ya dube ni, ya ce, "Yallaɓai, wanne ne kai a cikinsu?"

Na kira Inna ta raba gardama. Ta ce ai ba za ta manta ba, daren da aka yi ruwan nan da ya kayar da katangar maƙwabta aka haife ni. Na duba fom ɗin sama da ƙasa, babu gurbin katanga. Ƙarshenta sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa ni ne ni, kuma na biya kuɗi a kan haka.

Ina can ina faman haɗa kaina wuri ɗaya, a gida har an gama rabo. Ƙanwata ta zaɓi ankon bikin ƙawarta. Kawu, wanda ya ƙara min shekara, yana son tayar babur. Hajiya Kaka ta ce ita ba ta da kwaɗayi, goro ne kawai da man zafi, sai ɗan tsiren Sabon Gari in ya samu. Mai shayin bakin layi ya koma ce min Alhaji, yana fasa min ƙwai biyu ban tambaya ba, yana rubutawa a littafi. In na yi magana sai ya ce, "Haba Alhaji, bashi hanji ne, ci abinka."

Ranar da wayata ta yi ƙara, har maƙwabta sun leƙo. Naira 20,000, kuɗin ɗawainiya na wata. Kawu ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, wai ko akwai sifirin da ya ɓuya. Na yi musu bayani cewa kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ba sa biyowa ta hannuna. Ba wanda ya yarda. Ƙanwata ta ce dama tun shekaranjiya ta ga ina sheƙi.

Aka zauna a tsakar gida, Baba ya yi alƙalanci: mai shayi farko, don shi ne mai littafi, sai goron Kaka, sauran a jira wata mai zuwa bisa layi. Ni na tashi da kuɗin motar Samaru, zuwa kawai. Da na ce ai ni zan biya bashin nan gaba ni kaɗai, sai Kaka ta gutsiri goro ta ce, "Kai kaɗai kamar yaya? Ba ku uku ba ne?"